Ciyawar da Gwaggo Ta Hana a Sare

Gwaggo ta cika da hantsin wata Talata, gero ya nuna ana shirin yanka. Ina cikin aji a Dutse ƙanena ya bugo mini waya, kafin in isa ƙauyenmu da ke gaba da Aujara kaɗan har an yi mata wanka an sa ta a likkafani. Yayar mahaifinmu ce, ita ce babbar da ta rage mana a gidan, kuma ita ce ungozomar garin tun ban zo duniya ba. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, amma wanda ya ga zaman makokinta ba zai yarda da haka ba. Maza sun cika ƙofar gida har gindin cediyar masallaci, kowa ka taɓa sai ya ce ita ta yanke masa cibi. Liman da kansa, da furfurarsa da komai, ya ce hannunta ne ya fara taɓa shi a duniya, ga shi yau shi ya tsaya a kan gawarta.

Ba kuka kaɗai aka yi ba. Wani direban motar haya ya zo ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, ya share hawaye, sai kuma ya fashe da dariya. Ya ce ranar da matarsa ta haihu ya shigo yana washe baki ba tare da ya kawo itacen wankan jego ba, Gwaggo ta bi shi da muciya har zaure. Wata mata ta taso tun daga Kafin Hausa a kan babur da goyo a baya, ta ce ba ta da abin sadaka, ta zo ne kawai a ga yaron, don uwarta ma Gwaggo ce ta karɓi haihuwarta. A cikin gida kuwa mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta ce da godiya. Na ji wasu mata suna raɗa wai yanzu Inna ta huta, tun da kowa ya san yadda suke da marigayiya. Ni ma a raina haka na ɗauka.

Ranar sadakar uku na shiga gaida mata. Akwai wata tsohuwa ƙawar Gwaggo, wadda a da take tuyar ƙosai a bakin kasuwa, kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa ba ta iya magana a hankali ba. Ta damƙe mini wuyan hannu ta ce, "Kai ne babba yanzu ko? To wa Gwaggonku ta nuna wa yaran?"

Na ce, "Waɗanne yara, Iya?"

"Yaran bayan gida mana! Au, kai ma ba ka sani ba?"

Inna ta miƙe ta ɗauki buta ta bar wurin. Sai da tsohuwar ta ga ta ɓace sannan ta jawo ni kusa ta gaya mini abin da ya kamata a ce na sani tuntuni. A zamaninsu idan jariri ya koma kafin suna, ko bai daɗe da suna ba, ba a kai shi maƙabarta, a bayan gida ake rufe shi. Na gidanmu a ƙalla sun kai bakwai, suna nan kwance a ƙarƙashin ciyawar da ta cinye bayan ɗakuna. Akwai na kakarmu, akwai ɗan farin Gwaggo da ta zo gida ta haifa. "Har da yayanka," in ji ta, "ɗan farin uwarka. Kwana huɗu ya yi." Ta ce mazan da suka yi haƙan duk sun mutu, Gwaggo ce take wanke yaran ta nuna inda za a sa su, kuma ita kaɗai ta riƙe wuraren a kanta.

Na san an yi wani kafin ni, irin sanin da yaro yake yi ba tare da kowa ya gaya masa ba, amma ban taɓa tambayar kaina inda aka sa shi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ni da ƙanena mun riga mun gama shawara. Gidan nan na ƙasa kakanmu ne ya gina shi, ruwan bana ya kayar da katangar gabas, azara ta fara saki a ɗaki biyu. Mun sauke bulo a ƙofar gida, mun yi magana da magini cewa da damina ta ɗauke za a rushe ɗakunan baya a share bayan gidan a haƙa harsashin sabon gini. Wato diga za ta bi ta kan yaran nan, kuma wadda za ta ce mana nan ne, ban da nan, mun rufe ta ranar Talata.

Tun daga ranar nake ta juya Gwaggo a raina, shi ya sa na zauna rubuta wannan, kada ita ma ciyawa ta rufe ta.

'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma muryarta ta fi jikinta nesa ba kusa ba. Tun da haƙora suka yi mata sallama ta samo murfin gwangwani ta huhhuda shi da ƙusa, a kai take goga goro ta zuba a tafin hannu ta afa. Idan ka zo gaishe ta ba ka kawo goro ba za ta amsa, amma za ta tambaye ka ko kasuwar garinku ta ƙone ne. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka Babana take ce mini. Ranar da na ɓata mata rai kuwa na koma malamin boko.

An yi mata aure a wajen Buji, ta haihu huɗu, babu wanda ya yi wayo. Da mijin ya rasu ta tattaro kwanukanta ta dawo gidan ubanta, ba ta sake aure ba. Ban taɓa jin ta ambaci yaran nan ba. Wata rana wata baƙuwa mai neman suna da tausayi ta ce mata, Allah sarki, ga tsufa ga babu ɗa. Gwaggo ta tofar da tuƙar goro ta ce, "Wa ya gaya miki? Je ki tsaya a bakin kasuwa ki ɗaga rigar duk wanda ya wuce, ki ga in ba aikina ba ne a cibiyarsa." Baƙuwar ba ta ƙara kwana ba.

Tsakaninta da Inna kuwa sai dai a ce zo mu zauna zo mu saɓa. Inna 'yar makiyaya ce, lokacin da aka kawo ta gidan nan iyayenta suka yi kudu da shanunsu, ba su sake dawowa ƙasar nan da zama ba. Shi ya sa ko haihuwar fari ba ta je goyon ciki gida ba, a hannun Gwaggo ta haihu. Tun ranar da ta shigo Gwaggo take kiranta Amarya, kuma ba ta canja ba har Inna ta haura saba'in, jikoki suna dariya. Kullum da abin da za a yi a kai.

"Amarya, gishirin nan da gayya kika zuba, ko hannunki ne ya kwance?"

"Yaya, in bai yi miki ba ga tukunya ga murhu."

"Ji ta! A gidan ubana za ki nuna mini murhu?"

Ta gama faɗan ta cinye tuwon tas ta suɗe kwano. Idan zazzaɓi ya kwantar da Inna, Gwaggo za ta jawo tabarma ƙofar ɗakin ta wuni tana yi mata faɗa wai raki ne, tana dama mata kunu, tana korar duk yaron da ya yi motsi. Mu da muke yara faɗan muke ji, kunun ba mu lissafa shi ba.

Bayan gidan a lokacin garka ce mai kyau. Akwai zogale da lalle da rama, da kuɓewa idan damina ta zauna. Amma akwai inda Gwaggo take jibge ƙaya ta ce kada ƙafar wani ta taka, mu kuma muka ɗauka shukarta take karewa daga awaki. Da muka watse, ni Dutse, ƙanena Kafin Hausa inda yake da shago, 'yan'uwanmu mata kowa gidan mijinta, sai ƙarfinta ya ƙare garkar ta koma daji. Tafasa da rai-ɗore suka kai ƙugu, tumfafiya ta yi bishiya, garafuni ya naɗe zogalen har ba a ganinsa, ƙarangiya kuwa ko kaza tana shakkar shiga. Duk safiya Gwaggo takan dogara sanda ta je bakin ciyawar ta zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife, tana goga goro tana motsa baki. Muka ce da kaji take hira.

A kan ciyawar nan muka yi faɗan da har yau yake cina. Shekara uku ke nan, aka kashe kububuwa a bakin ƙofar Inna. Na taso daga Dutse a fusace, na auna ranar da Gwaggo ta tafi barka wata unguwa, na ɗauko mutum biyu da adduna na ce su kwantar da komai. Sun fara ke nan sai ga ta, ko wa ya kai mata labari oho. Ba ta yi ihu ba. Ta ratsa ƙarangiyar nan da zaninta, ta je tsakiya ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Ku fara da ni."

Raina ya ɓaci. A gaban 'yan ƙwadago na ce mata, "Gwaggo, wannan rigimar tsufa ce kawai. Sai maciji ya kashe wani a gidan nan hankalinki zai kwanta?"

Ta dube ni, ta waiga ta dubi Inna da ke tsaye a bakin lungu da faifai a hannu, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe. Can ta ce, "Babana, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sallami mutanen nan."

Na sallame su, na shiga mota ko ruwan gidan ban sha ba. Wata huɗu ban taka garin ba, sai dai in aika da saƙo ta hannun ƙanena. Ita ce babba amma ita ta nemi shiri. Ta ba direba ƙullin kuka da daddawa ya kawo mini har makaranta, da saƙon baki wai a gaya wa malamin boko ciyawa tana gaishe shi. Na yi dariya na koma gida ranar Asabar, muka ci gaba kamar ba a yi ba. Ban ba ta haƙuri ba, ban kuma tambaye ta dalili ba. Yanzu na gane ba za ta iya faɗa a gaban Inna ba. Abin da ban sani ba shi ne me ya hana ta kira ni gefe daga baya. Wataƙila tana jira ne in zo in tambaya kamar mutum, wataƙila kuma tana ganin maganar ba tata ba ce ita kaɗai. Na yi nadama, kuma nadamar ba ta da inda za ta je.

Abin haushin shi ne ta taɓa yi mini hannunka mai sanda, ni ne ban gane ba. Shekarun baya matata ta haifi ɗa namiji babu rai a asibiti a Dutse. Gwaggo ta tsani mota, ko Aujara za ta sai ta yi amai, amma washegari da safe sai ga ta a ƙofar gidana da ƙullin kaya a ka, ta yi wujiga-wujiga. Ba ta yi wa matata wa'azi ba, masu wa'azi sun riga sun yi mata yawa. Ta sa na sayo itace da babbar tukunya, ta aika aka karyo ganyen dalbejiya, ta shiga yi mata wanka safe da yamma tana dama mata kunun kanwa. Wata maƙwabciya ta ce ai tun da babu ɗan ba sai an wahala ba. Gwaggo ta ce, "Jego jego ne, da ɗa ko babu. Jikin bai san an rasa ba." Kwana arba'in ta yi mana cif. A cikin kwanakin nan ne ta tare ni a zaure ta ce, "Ina kuka sa shi?" Na ce maƙabarta, ɓangaren yara. Ta ce, "Za ka gane wurin?" Na ce ban tabbata ba. Ta ce, "Koma yau ka gane shi." Na koma don kada ta dame ni, na sa alama, ban tsaya na yi tunanin me ya sa abin ya dame ta haka ba.

Bayan sadakar arba'in ƙanena ya zo da maganar aiki. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, rana ɗaya idan ta wuce a banza ji yake kamar an yanke masa yatsa. Na gaya masa abin da tsohuwar nan mai ƙosai ta ce. Sai ya ce, "Yaya, shekara hamsin da wani abu fa. Ƙasa ta riga ta ci abinta. Ciyawa ta bushe, a cinna mata wuta, gobe magini ya ja igiya."

Na ce, "Wuta a kan wanmu?"

Ya ce, "To ina yake? Nuna mini in kauce masa."

Muka je wurin liman, ya ce abin da aka sani a kauce masa wajibi ne, abin da ba a sani ba Allah ba ya kama bawa da shi, amma in da hanyar sani a nema. Ƙanena ya ce a tambayi Inna mana. Na ce ya je ya tambaye ta in zai iya. Ni da nake na biyu ma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kai wannan take ce mini, balle a tunkare ta da zancen ɗan fari. A wajen mutanensu wannan kunyar ta fi ta kowa nauyi. Kuma tsohuwar nan ta riga ta gaya mini ba a nuna wa Inna wurin ba, tana kwance a ɗaki aka yi komai, ita kuma ba ta tambaya ba. Na roƙi ƙanena kwana biyar, na ɗauki hutu a makaranta.

Da lauje muka yi aikin, babu wuta babu diga, ni da shi da maginin. Dattijo ne maginin, ya gaji ginin ƙasa wurin ubansa kafin ya koyi na bulo, shi ya ce mu yi a tsugune, mu riƙa yanka daga sama muna tattarawa da hannu don kada mu tumɓuke wata alama. Hannun da ya saba da alli ya sha wuya. Kafin azahar ta ranar farko tafina ya yi ƙulu-ƙulu da bororo, ƙarangiya ta mayar da wandona bushiya. Ƙanena yana yi yana tsaki, amma bai tafi ba.

Mun tsinci abubuwa da yawa. Fasasshen kasko, kwanon sha da tsatsa ta cinye, takalmin roba wari ɗaya wanda na tabbata nawa ne, ɗan dutsen niƙa, saɓar maciji har biyu. Duk abin da lauje ya taɓa ya yi ƙara sai in kira magini, ya zo ya duba ya girgiza kai. Ya bi filin yana ƙwanƙwasa ƙasa da gindin sanda yana saurare. Ya sa muka ɗebo ruwa muka kwarara don ya ga inda zai fi saurin shanyewa, wai ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa daidai. Amma gara da saiwoyi sun riga sun yi nasu haƙan a ko'ina, ruwan ya shanye ta kowane gefe.

Ranar ta huɗu da la'asar muka gama. Fili ya fito fetal tun daga bayan ɗakuna har inda katanga ta faɗi, babu tudu babu kwari, babu dutse babu komai. Na tsaya ina kallo, sai haushin Gwaggo ya kama ni kamar tana raye. Mace ta riƙe abu shekara da shekaru, ta kasa dasa ko turke ɗaya? Daga baya na ga rashin adalcina. Turke yaro zai cire, dutse mai gini zai ɗauka, ciyawar nan ita ce shingen da ƙarfinta ya iya, ga shi ni na cire shi da hannuna ban sami komai ba. Na zauna a kan turmin nan nata na rufe fuska. Ƙanena ya dafa ni ya ce, "Yaya, mun yi iya yinmu." Na ce magini ya zo da igiyarsa da safe.

Da hantsi magini ya fara kafa turaku. Layin harsashin zai bi ta bayan ɗakin Inna ne, don ɗakin yana cikin waɗanda za a rushe, mun shirya ta koma na Gwaggo kafin a gama sabo. Ya kafa na farko, ya kafa na biyu, yana buga na uku sai na ga Inna ta ɓullo ta lungu. Yanar ido ta kama ta, ba ta gani sai dishi-dishi, tana tafe tana shafa bango da hannu. Tun da nake ban taɓa ganin ta taka bayan ɗakunan nan ba. Ta bi bangon ɗakinta a hankali har ta zo daidai wata 'yar taga, ta tsaya, ta tuɓe takalmanta.

Ta ce, "Kai wannan. A cire turken nan."

Magini ya ajiye gudumarsa ya ja da baya can nesa. Inna ba ta juyo ta dube mu ba, bango take fuskanta, da shi take magana.

"Nan ne. Taku biyu daga bango. Gadona yana ciki, kaina yana daidai nan. Da safe ne, ina kwance na juya baya, na ji su ta tagar nan. Babanku ya ce a kai shi can jikin darni inda sauran suke, wajen adurukun nan. Sai na ji Yaya ta ce a'a, nan za a sa shi, yarinyar nan ba ta da kowa a garin nan, a bar mata shi kusa. Ta ɗauka barci nake. Ina ji suna haƙa har suka gama."

Ta ci gaba.

"Ba ta taɓa gaya mini ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba. Sau uku babanku yana cewa in koma ɗakin kwano, ni kuma ba ni da bakin cewa a'a. Ita take tashi ta tayar da rigima, wai Amarya ba ta isa ta shiga ɗakin kwano ba tana yayarsa tana kwana a na ƙasa. Gari duka aka ce baƙin hali ne da ita. Ta bari aka faɗa. Ni na san abin da take yi."

Na tuna rigimar, ina ɗan sakandare aka yi ta ƙarshe, kuma na daɗe ina riƙe da Gwaggo a raina saboda ita. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Inna ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, "Shekara hamsin da biyar muna cacar baki, ban taɓa ce mata na gode ba. Kullum in ce sai mun zauna mu biyu, in mun zauna kuma sai bakina ya ƙi. Ni mace ce, ba na zuwa maƙabarta. Kai kana zuwa. In ka je ran Juma'a ka ce mata na sani. Ka ce tun ranar na sani."

Ƙanena ne ya je ya tuge turken da hannunsa, ya naɗe igiyar ya miƙa wa magini. Idonsa ya yi ja.

Ba a rushe ɗakin Inna ba. Magini ya zare azara uku da suka ruɓe ya sa sababbi, ya yi masa yaɓe ciki da waje, ya juyar da indararon don kada ruwa ya riƙa zuba a wurin. Ya gano kututturan aduruku inda tsohon darni ya bi, muka ja 'yar gajeriyar katanga ta zagaye daga nan har bayan ɗakin. Sabon ginin ya matsa yamma, ya rasa ɗaki ɗaya, ƙanena bai ƙara tayar da zancen ba.

Ranar Juma'a da safe na tafi maƙabarta ni kaɗai. Kabarinta bai gama kwanciya ba, ƙayar da muka rufa a kai tana nan. Na yi sallama na tsuguna na yi mata addu'a: Allah ya yi mata rahama, ya yalwata mata makwanci, ya karɓe ta da tausayin da ta karɓi 'ya'yan mutane da shi, mu kuma ya kyautata namu zuwan. Na nemi gafararta a kan maganar da na gaya mata a gaban 'yan ƙwadago. Sannan na gyara murya, don saƙo aka ba ni ba raɗa ba, na ce, "Gwaggo, Amarya ce ta aiko ni. Ta ce in gaya miki ta sani, tun ranar ta sani. Ta ce ta gode."

Na daɗe a tsugune kamar mai jiran amsa, don a iya sanina Gwaggo ba ta taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe ba. Wannan karon ta bar wa Inna.